Injin da Ya Mutu a Gidan Yari

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga yayarsa, da fatan kina lafiya, Kawu ma jikinsa da sauƙi. Ni lafiyata lau, in ban da ƙaiƙayi, shi kuwa a nan ba wanda ya ƙyale.

Na san za ki juya takardar nan kina neman ko wane ne. Ni ne Auta, ɗan Inna mai ɗinki. Kakata ta wajen uwa da kakanki na wajen uba ciki ɗaya suka fito, in kin manta ki tambayi Kawu. Rabona da ke tun ina yaro, ranar da kika zo gidanmu kika gyara rediyon Inna, kika rankwashe ni don na sa hannu a ciki. Ba daɗi a ce sai da buƙata ta taso na tuna da zumunci. Amma wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ba wai ke ce takobin ba.

Ina gidan yari. Kin ji labarin faɗan tasha, ba sai na maimaita ba.

A nan akwai ɗakin walda, inda ake fitar da wasu daga cikin mutanen ɗakinmu kowace safiya su yi gadaje da kujerun makaranta. Uwar aikin duka wani inji ne mai yankan ƙarfe da iska da wutar lantarki, filasma suke ce masa. Sai ya yanka ake samun abin yi wa walda. To, ya mutu. Tun da ya mutu aka rufe wurin, masu walda suka dawo cikinmu wuni da kwana. Yaya, ɗakinmu da ma ya yi mana kaɗan. Yanzu in kana son juyawa sai ka nemi izinin na kusa da kai.

Ofisan ɗakin walda, wanda muke ce wa Mai-makulli, ya leƙo yana tambaya ko akwai mai gyaran wuta. Bai rufe baki ba na ɗaga hannu. Ni kuwa iyakar sanina wayarin ɗin gida da fanka da dutsen guga. Ya ce in gwada. In ya gagara, za su rubuta cewa inji ya mutu, a kulle ɗakin waldar gaba ɗaya.

Ga yadda yake yi. In an kunna babban akwatin, fanka na juyawa, iska na fitowa. In ka danna toci, wato hannun da ake riƙewa a yi yanka, sai ɗan harshen wuta shuɗi ya fito. Da ka kai shi jikin ƙarfe, maimakon ya kama, sai ya ɗan lasa ya mutu, jar fitila ta kunnu a gaban akwatin. Inna ta taɓa ce mini irin waɗannan injuna kike gyarawa a kamfani. Ki taimaka, don Allah.

Ƙaninki,
Auta

Autan Inna,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya. Kawunka yana ci yana sha, ƙafa ma da ƙarfinta, sai dai tsufa ya tafi da hankalin. Na tambaye shi kai kamar yadda ka ce, ya ce ai kai ne ka ari kekensa ba ka dawo da shi ba. Ban san da wa yake haɗa ka ba.

Na tuna ka sarai, mai kunnuwa kamar faifai. Da na san za ka girma ka ɗaga hannu a kan injin da ba ka taɓa gani ba, da rankwashin nan na ƙara maka biyu. Allah ya fitar da kai lafiya.

Na bar kamfani tun da ciwon Baba ya yi tsanani, amma hannu bai manta ba. Buɗe kunnuwan nan naka. Ɗan harshen da ka gani share fage kawai yake yi. Bayansa babbar wuta za ta tsallaka daga toci zuwa ƙarfen, ta bi kebul ɗin da ake maƙala wa teburi ta koma cikin akwati. Naka yana share fagen, babbar ce ba ta tsayawa.

Likita ba ya tsaga ciki don mutum ya ce kansa na ciwo, don haka daga waje za ka fara. Ka je ƙarƙashin tankin kwamfiresa, wato injin da ke ba shi iska, ka buɗe ɗan famfon da ke nan, in akwai ruwa ya zube, domin iska mai laima tana kashe wuta. Ka kwance bakin tocin ka duba ɗan ƙarfen da ke tsakiya, in ya yi rami ka sa sabo. Sannan inda kebul ke cizon teburi, ka goge da fayil har sai ya yi ƙyalli. Rabin injunan da aka kawo mini a kan sun mutu, tsatsa ce kawai a wannan wurin.

A takarda ta biyu na zana maka cikin akwatin, na kuma rubuta abin da za ka yi kafin ka taɓa komai a ciki. Ka karanta ta da kyau, ita ce ranka.

Yayarka

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa, ke da Kawu. Ina nan lafiya, ƙaiƙayin ma ya yi sauƙi tun da nake samun rana.

Ruwa kam na tsiyaye, har ya kusa cika bokiti, ja wur da tsatsa. Na sa sabon baki, na goge teburi har ina ganin haƙorana a ciki. Na danna toci cike da murna. Ya lasa, ya mutu, jar fitila ta kunnu.

Takarda ta biyu ba ta iso hannuna ba. Gandiroban da ke karanta wasiƙu ya ga layuka da akwatuna da kibiyoyi, ya ce taswirar gidan yari ce aka aiko mini. Na rantse masa cikin inji ne. Ya ce, "To wannan dogon layin da ya fita waje fa, ba hanyar gudu ba ce?" Na ce kebul ne. Ya ce in tafi kafin ya rubuta ni. Ba komai, gobe zan kwance murfin in leƙa da kaina. Ai zan kashe wuta tun daga bango, me zai ci ni?

Bari in gaya miki yadda ɗakin waldar yake, don ba ni da wanda zan gaya wa. Dogo ne, rufinsa can sama. Ƙofarsa a buɗe take wuni, tana kallon wani fili mai tsakuwa, kuma ta saman katanga ana ganin kan wata bishiya. Ni kaɗai ne a ciki, sai Mai-makulli a kan kujera yana gyangyaɗi. Ranar farko ban taɓa injin ba sai da na yi ta tafiya daga wannan bango zuwa wancan ina lilo da hannuwa kamar mahaukaci. Na manta mutum na iya buɗe hannu biyu bai taɓa kowa ba.

Na tambayi Mai-makulli ko in inji ya tashi za a bar ni a nan. Ya ce, "Kai mai walda ne? Ranar da ya tashi aikinka ya ƙare, masu wuri su dawo wurinsu." Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Auta

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, muna lafiya. Kada ka buɗe akwatin nan. In ka riga ka buɗe, kada ka sa hannu.

Kashe wuta daga bango ba ya kashe abin da ke ciki. Akwai wasu manyan gwangwanaye a jere, kondansa, suna riƙe wuta bayan an kashe inji, wutar da ta isa ta tsayar da zuciyar bijimi. A kan idona ta jefar da wani abokin aikinmu, bai sake amfani da hannun damansa ba.

Ka samo ƙwan lantarki irin na da, mai zare a ciki, guda uku, ka haɗa su bi da bi da waya mai rufi. Ka sa hannunka ɗaya a aljihu, da ɗayan ka ɗora bakin wayoyin a kan ƙafafun kondansa. Ƙwan za su yi haske su dushe. Sannan ka auna da mita, sai ka ga babu komai kafin ka taɓa. Haka za ka yi kowane lokaci, ko da ɗazu ka yi.

Malam mai karanta wasiƙu, ina gaishe ka. Wannan ba taswira ba ce, ran mutum ne. Ka miƙa masa yau.

Yayarka

Auta,

Ina gaisuwa, ina kuma roƙon Allah ya sa wannan ta same ka da rai da lafiya. Baba yana nan yadda yake. Ni ce ba lafiya, don tun da na aika maka waccan takardar ba na iya cin abinci.

Wata ya kama ya shuɗe, shiru. Kalmar nan taka ta "gobe" ita ke ta yawo a kaina, domin na san kafin amsata ta isa goben ta daɗe da wucewa. Na so in aika a tambayi Inna, na fasa, kada in tayar wa tsohuwa da hankali a kan abin da ban tabbatar ba.

Za ka ce me ya hana ni zuwa da ƙafata. Ƙofar gidanmu kullum a kulle take, makullin yana rataye a wuyana. In na yi sake minti ɗaya Baba zai fice neman wurin aikin da aka rushe tun ina goye. Sau biyu ana tsinto mana shi a bakin babban titi. 'Yan'uwana maza kowa na garin da yake, sai dai su kira su ce Allah ya ba ni lada. Shekaran jiya ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a kai, ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, me na yi miki kika tsare ni?" Na ce masa abinci ya kusa nuna. Na shiga kicin na yi kukana.

Ka ga ke nan a gidanmu ni ce gandiroba, ni ce kuma fursuna. In kana da rai ka rubuto ko layi ɗaya ne. In wani ne ke karanta wannan, don girman Allah ya gaya mini gaskiya.

Yayarka

Yaya,

Ina da rai. Ina gaishe ki, ina ba ki haƙuri, ina gaida Kawu. Jikina da sauƙi sosai, yatsu biyu ne kawai a naɗe, shi ya sa rubutun ya zama kamar tafiyar kaza.

Wasiƙunki biyu tare suka zo, bayan aikin gama ya gama. Na kwance murfin kamar yadda na ce. Allah ya taimake ni ba hannu na fara sawa ba, sukurdireba ce ta zame ta haɗa ƙafafun gwangwanin nan. Yaya, ƙarar da ya yi, sai da Mai-makulli ya faɗo daga kujera. Ni kuma na tsinci kaina a zaune can jikin bango, bakin sukurdireba ya narke. A ɗakin magani na yi kwanakin da kika ji shiru.

Abin ya zama alheri ta wani gefen. Mai-makulli ya ɗauki wasiƙarki ya kai wa babbansu, aka yi ta cacar baki, aka fito da zanenki daga aljihun teburi. Yanzu shi da kansa yake kai wasiƙunmu gidan waya ya karɓo. Ya gwada karanta ɗaya, ya ce kondansa ta sa masa ciwon kai, ya daina. Amma ya ja mini kunne cewa alfarmar inji ce, ba tawa ba. Dokar gidan nan wasiƙa ɗaya ce a wata, tawa kuwa ta Inna ce, biyun farko ma rabonta na ci na rubuta miki.

Na haɗa ƙwan nan uku. Da suka yi haske a akwatin da ba a kunna ba, gabana ya faɗi. Na bi zanenki. Layukan wuta uku da ke shigowa duk suna nan daidai. Fis ba wanda ya yanke. Na hure ƙurar ƙarfe da ta yi kauri a kan fanel, wato allon da ke sarrafa injin, na sa hanci na shinshina ko'ina, ba warin ƙuna. Na rufe, na gwada, jiya i yau.

Maganar Kawu a bakin ƙofa ta hana ni sakat. Ban san haka kike zaune ba. A nan aƙalla mun san laifin da aka ce mun yi.

Auta

Mai kunnen ƙashi,

Alhamdu lillahi. Ka ci sa'a ba ka kusa, da yatsun da suka rage ma na murɗe su. Muna lafiya. Baba ya yi tari kwana biyu, ya warke.

Aikinka ya yi kyau, ba yabon kai ba, malamar ce ta iya. Tun da wuta na shiga daidai kuma ba abin da ya ƙone, saura wuri ɗaya kafin mu zargi fanel. Ka yi addu'a kada ya zama fanel, don wannan ba a gidan yari ake gyara shi ba.

Ka sauke wutar kondansa tukuna. Sannan ka bi kebul ɗin teburi har cikin akwati, za ka ga ya ratsa ta tsakiyar wani baƙin zobe. Zoben nan ɗan rahoto ne. Shi ke jin babbar wuta ta tsallaka, ya gaya wa fanel a ƙara ƙarfi. In bai faɗa ba, fanel zai ɗauka iska kawai ake ƙonawa, sai ya kashe komai ya kunna jar fitila. Daga zoben akwai siraran wayoyi da suka tafi wani ɗan filogi. Girgizar inji tana karya su ta ciki, rufin yana nan lafiya, ido ba ya gani. Ka ja kowace ɗaya a hankali. In duk sun riƙe, ka auna su da mita daga wannan baki zuwa wancan.

Ka san abin da ka ja mini? Na janyo akwatin kayan aikina daga ƙarƙashin gado, na goge, na sa wa mita sabon batir, ba tare da ina da abin aunawa ba. Baba ya zauna yana kallona, ya ce, "Wannan yarinya za ta yi ƙwaƙwalwa." Rabon da wani ya tambaye ni abin da ya wuce ina magani da me za a ci, har na manta. In na ji an ƙwanƙwasa ƙofa yanzu da sauri nake tashi.

Ka rubuto da abin da ka gani.

Yayarka

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Kawu. Ki gafarce ni da jinkiri, aiki ne ya yi yawa. Yatsuna sun warke, sai tabo.

Na cire fankar akwatin na wanke fikafikanta ɗaya bayan ɗaya. Na kankare tsatsar murfi na shafa masa fenti. Na sake ɗaure duk wani noti da na gani. Zoben nan na dube shi, ban ga wani abu ba tukuna, wurin da duhu. Ina tunanin ko in ciro kondansa ɗaya bayan ɗaya in gwada su? Na san zai ɗauki lokaci, amma gaggawa aikin shaiɗan ce. Af, wace dalma ce ta fi kyau a liƙa waya da ita, siririyar ko mai kaurin? Mai-makulli yana da duka biyu a aljihun teburinsa.

Bishiyar nan ta bayan katanga ta yi sabon ganye. Da hantsi rana na shigowa ta ƙofa har gindin injin, nan nake zama in ci abincina ni kaɗai, ba gwiwar kowa a haƙarƙarina. Wani lokaci sai in rufe ido in ji kamar a shagona nake.

Komawa ɗaki da yamma ce wahala. Ina shiga idanu ke yowa kaina. "Mai-fanka, ya ake ciki?" Haka suke kirana. Akwai wani dattijo, Baba Maiwalda, shi ne ke riƙe tocin a da. Tun da ya daina fita ƙafafunsa suka kumbura, in ka danna yatsa sai ramin ya tsaya. Ma'aikacin ɗakin magani ya ce tafiya yake buƙata, to a ina zai yi ta? Jiya ya kamo bakin rigata ya ce, "Ɗana, in ya fi ƙarfinka ka faɗa mana mu cire rai. Sa rai ya fi zaman nan ciwo." Na ce masa ana kan hanya.

Mai-makulli ma ya fara tsaki. Ya ce daga sama ana tambayarsa.

Auta

Auta,

Ina amsa gaisuwa. Baba lafiya, ni ma haka.

Karatun farko da na yi wa wasiƙarka raina ya ɓaci, na ce ashe wutar nan har ƙwaƙwalwa ta taɓa. Na aike ka wurin zobe, ka tafi shafa fenti. Da na sake karantawa a hankali sai na gane ba wauta ba ce. Wanda bai ga inda waya ta rabu ba, ba ya tambayar dalma. Kuma mutumin da ya shinshine fanel lungu-lungu ba zai ce mini wuri da duhu ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ƙanena. Ka riga ka gano.

Ba zan faɗa wa kowa ba, ba kuma zan yi maka wa'azi ba. Wadda ke yawo da makulli a wuya ba ta da bakin gaya wa wani yadda zai so iska. Na san abin da ƙofa buɗaɗɗiya take nufi. Da za a ce mini in na bar wata waya a kwance zan riƙa fita kullum in zauna a rana, ban san abin da zan yi ba.

Kuma bari in gaya maka wadda ta fi wannan. Da na ga tambayarka ta kondansa, sai da na ɗauki biro na fara rubuta maka yadda ake ciro su. Na san lafiyarsu ƙalau. Na san aikin zai cinye maka wata biyu, da wasiƙu masu yawa a tsakani. Na kai rabin shafi kafin na yaga. Ni ma ba na son injin nan ya tashi, Auta. Ranar da ya tashi zan mai da akwatina ƙarƙashin gado.

Amma tun da ka tambaya, siririyar dalma ce. Ka fere bakin wayar kaɗan, ka shafa mata dalma, ka shafa wa ƙafar filogin, sannan ka haɗa su da zafi ɗaya, kada hannunka ya motsa har ta sandare. Ka naɗe da tef, ka ɗaure wayoyin duka a jikin ƙarfe don girgiza ta daina wasa da su. In ka bar su suna lilo, baɗi za su sake karyewa.

Wani abu kuma, kada ka ɗauka jinkirin ba shi da iyaka. In manyan da ke sama suka gaji suka rubuta ya mutu, kai da su duka ciki za ku zauna. Na san ka sani. Sauran magana tsakaninka ne da ƙafafun dattijon nan.

Yayarka

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Kawu, Allah ya ƙara masa sauƙi, ke kuma ya ba ki ƙarfin jinya. Lafiyata lau.

Gaskiyarki. Ranar da wasiƙar zobe ta zo, a ranar na gano. Na ja wayar farko ta riƙe, na ja ta biyu ta riƙe, ta uku, wata ruwan ɗorawa, ta biyo hannuna kamar gashi. Na daɗe a tsugune ina kallonta. Sai na cusa ta inda take na rufe murfi. Tun daga nan kullum da safe sai in ce yau, in rana ta shigo ta ƙofa kuma in ce gobe. Gaba kura, baya sayaki.

Ko bayan wasiƙarki ta zo ban yi nan da nan ba, kada ki yaba mini. Abin da ya ƙarasa ni, wata safiya da aka zo fitar da ni, sai na ga Baba Maiwalda yana ƙoƙarin janye ƙafafunsa don in sami hanyar wucewa, suka ƙi ɗaguwa. Da hannu ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Har ya ce mini, "Yi haƙuri, ɗana, na tare maka hanya."

Na karɓi siririyar dalma. Na kunna ƙwan nan uku suka dushe, na auna, na yi yadda kika ce. Kafin shayin Mai-makulli ya huce na gama. Na ɗaure wayoyin tam, ba za su sake karyewa ba. Na yi tunanin in bar su sako-sako, ba zan ɓoye miki ba, amma na ɗaure.

Na ce a kawo mai tocin ya gwada da kansa. Mutum biyu suka riƙo shi. Ya sa tabarau, ya danna, ɗan harshen ya fito, ya taɓa ƙarfe. Yaya, ya kama. Wuta ta ratsa farantin ta ɓulla ta ƙasa, tartsatsi na zuba, guntun ƙarfe ya faɗi a siminti. Dattijon ya ƙi sakin tocin, ya yi ta yanka abin da ba a sa shi ba yana dariya. Mai-makulli ya dafa kafaɗata ya ce, "Mai-fanka, ashe kai shege ne." Na ce ko share ƙasa ne a bar ni in riƙa yi. Ya kau da kai ya ce ba gurbi, sunaye daga sama suke zuwa. Na tattara ƙwan nan na ajiye masa a teburi.

Yanzu ina ɗaki. Da safe ana buɗewa a kira masu walda, su tsallake ni su fita, wasu su taɓa kaina. Kumburin Baba Maiwalda ya fara sauka, jiya da ƙafarsa ya dawo. In sun tafi akan sami ɗan wuri, ina miƙe ƙafa ɗaya. Daga nan ana jin ƙarar injin in yana yanka. Ina jin daɗi in na ji ta, ina kuma jin kamar in toshe kunne, duka biyun a lokaci ɗaya.

Ki yafe mini akwatinki da zai koma ƙarƙashin gado. Mai-makulli yana tsaye a bakin ƙofa yana kaɗa makullansa, ya ce in yi sauri, wannan ce ta ƙarshe da zai ɗauka. Na so in ƙirƙiro wata tambaya, ko a kan fanka ce, don ki sami abin amsawa. Amma ko kin amsa, ba mai kawo mini.

Ƙaninki,
Auta